Rabin Murɗi

Littafin ya iso ranar Talata, ana yayyafi a Bradford,
ɗan aike ya jingine shi jikin ƙofa ya wuce.
Na ɗaga, na ji nauyi kamar bulo,
na ce: an sake ke nan.
Shekara ashirin da shida ina murɗa waya,
yau wani mai laushin tafi a ofis
zai nuna mini inda zan sa yatsa.

Na buɗe bayan mota na yi lissafi.
Akwatunan roba tara da na saya a araha
sai dai su zama gidan ƙusa,
ƙarfe ake so yanzu.
Mitar gwaji za ta tafi awo, kwana goma ba ita ba aiki.
Ni kuma, da furfura har gemu,
zan hau benci ɗaya da yarona Callum
mu rubuta jarrabawa, ana ƙirga mana minti.

Har sukudireba wai sai mai ƙidaya:
ka murɗa, ka murɗa, ta ce ƙas, ka tsaya.
Na yi dariya har da tari.
A Sabon Garin Zariya, Oga Tanimu
da bayan yatsa yake gaisawa da waya,
in fis ya ƙone ya tsinko zaren tagulla ya ɗaura,
ya ce wuta ta san mai ita.
Na ce da Callum, hannun nan ya san ƙarfin noti
tun kana rarrafe.

Alhamis Misis Pickersgill ta kira.
Tsohuwa ce, muryarta kamar ana yaga takarda.
Ta ce da dare tana jin ƙarnin kifi a ƙarƙashin bene,
ita kuwa rabonta da kifi tun Ista.

Na san warin nan. Ban ƙarasa shayina ba.

Na kashe babban makunni, na kwance murfi.
Can a lungu roba ta narke ta yi baƙi,
kamar ƙanzo a gindin tukunya.
Na taɓa notin, ya juya.
Rabin murɗi. Shi ke nan abin da ya rage masa.
Na ɗaga tocila ina neman ragon da ya yi aikin,
ga takarda manne a murfi, ta yi ja don tsufa:
Gambo Lere, lambar wayata,
da sa hannuna mai doguwar jela,
shekara goma sha ɗaya.

Bisa kanmu benen katako,
bisa benen ɗakin da jikarta ke kwana ran Asabar,
takalminta ƙarami na nan a mataki na uku.

Callum bai ce uffan ba.
Ya laluba jaka, ya miƙo mini mai ƙidayar,
idonsa na kan bango.
Na murɗa. Na murɗa.
Hannuna ya ce ya isa.
Ita ba ta ce ba tukuna.
Na ƙara.
Ƙas.

Tsohuwa ta ɗauko jakar kuɗi, na ce ta bari.
Ta ce mutanen kirki sun yi ƙaranci,
na sunkuya ina tattara gutsattsarin waya
don kada ta ga fuskata.

Yanzu ƙarfe ɗaya na dare, littafin na buɗe gabana,
shafinsa ya sha maiƙon yatsa.
Gefe guda tsohon kundin rasit,
ina bin gidajen da na bar wa sa hannuna:
Manningham, Shipley, shagon wanki na Heaton,
na kai saba'in da huɗu, ban kai rabi ba.
Gobe zan fara bugawa ɗaya bayan ɗaya.
Oga, Allah ya ji ƙanka, wuta ba ta san kowa ba,
ta dai yi mana kawaici ne.