Ruwa Huɗu

Na rubuta: uban Nafi'u ya zo makaranta ran Talata.
Talata ta zo da mutum tara.
Kaka Tumba a gaba da sandar gora,
kawunai biyu, ƙarnin tarwaɗa bai bar rigunansu ba,
gwaggo da goyo, yayye uku,
uban can baya,
da wani maƙwabci da ya ce shi ma uba ne,
shi ya yi wa yaron huɗuba
a kunnen da ba ya ji.

Kujera biyu gare ni.
Muka koma gindin darbejiya.

Na buɗe littafin da na zo da shi daga kwaleji,
hannuwa a zane, shafi bayan shafi:
ga uwa, ga gobe, ga ruwa.
Tumba ta duba shi kamar mai tayin gero,
ta ce, Malama, ruwan naki guda ne?
Mu nan Yelwa, a gidanmu, huɗu ne.

Na randa: tafi ya lanƙwashe ya nufi baki.
Na sama: yatsu suna sauka bisa ka.
Kwara in ta kwanta: hannu yana shafar iska.
Na huɗun, Kwara in ta ci mutum,
ta damƙi wuyan hannunta, ta ƙi saki.
Nafi'u ya sunkuyar da kai.
Daga baya gwaggo ta raɗa mini
da haka suke kiran wansa.

Kowa da sunansa a hannu.
Kawu Maiwada tabon gira ne,
gwaggo taɓarya ce.
Ni ma ashe tun makon fari an raɗa mini nawa:
yatsa yana tura tabarau bisa hanci.
Suka yi ta dariya, har da shi,
dariyar da ba ta san ƙarfinta ba.

Doka ɗaya tsohuwar ta kafa tun yana rarrafe:
wanda ya yi magana ya ba Nafi'u baya,
gulma ya yi.

Na ce zan riƙa ba shi aikin gida.
Maiwada ya ce, shi kaɗai?
In ya iya, da wa zai yi?

Yanzu duk Alhamis bayan la'asar
mai babur yana sauke ni bakin ruwa.
A zaure ana ɗinkin taru, ana koyon baƙaƙe da yatsu.
Sanyin ƙashi ya hana Tumba harafi ɗaya,
wata biyu ke nan.
Nafi'u ne ke kama ɗan yatsanta
yana lanƙwasa shi a hankali,
ita kuwa tana hararar sa.

A gefen shafi na goma sha shida
na ƙara ruwa biyu da biro,
zanen hannuna ba kyau, amma ana ganewa.
Na huɗun ban zana ba.
Ba ni aka ba shi ba.