Su Wane Ne Mu

Wuta ta ɗauke tun la'asar a Agege,
janareton maƙwabci yana tari kamar mai mura.
Ga ni, ga kwamfuta, saura kashi sha tara na caji,
Baba Sallau na bakin ƙofa yana ɓarar gyaɗa.

Kunle, yaron da ya gina mana shafin,
ya bar gurbi guda fari fat,
ya ɗora masa tambaya a ka: Su wane ne mu?
Ya ce, cike shi kafin Litinin,
nan baƙo ke fara leƙawa kafin ya saki kuɗinsa.

Na ɗebo manyan kalmomi na zuba:
"Mu ne kan gaba a jigilar kaya
a faɗin Afirka ta Yamma."
Na karanta da ƙarfi.
Baba ya dakata da tauna.
"Afirka ta Yamma, Hansatu? Da mota ɗaya da rabi?"
Rabin ita ce wadda ke kwance wurin bakanike a Oshodi
tun kafin azumi.

Na goge.

Akwai hoton da Kunle ya aro ya liƙa:
Turawa uku cikin kwat,
suna musafaha a gaban bene mai gilashi.
Baba ya matso da tabarau.
"Waɗannan dangin wa ne?
In kwali ya ɓata a Jebba, su za a kira?"

Na cire su ma.

Ya ce, "Ran da na sauka Iddo da buhu guda a ka,
mutum idonka yake kallo,
ya dubi takalminka,
ya tambayi wa ya san ubanka.
Yanzu ido ya daina ganin ido.
To zuba musu abin da idon zai gani da ya zo."

Sai na rubuta a hankali, kamar mai awon gishiri:
Sunan mai wurin Sallau, mutumin Gusau ne.
Shekara ashirin da shida a rumfa ɗaya,
daura da titin jirgi, ƙofar mai shuɗin fenti.
Direbanmu Tanimu, ba ya tuƙin dare.
Iya Bisi ke ɗaure kwali, ɗaurinta sai wuƙa.
Ni ke riƙe da littafi, ni ce 'yarsa.
Mota na tashi Talata da Asabar.
Ba ma ɗaukar abin da ba mu buɗe mun gani ba.
Ga lambar waya, Baba ne ke ɗagawa,
in bai ɗaga ba yana salla.

"Saura maganar firij," in ji shi.

Gabana ya faɗi.
Firij ɗin malamar asibitin nan ta Zariya,
wanda ya sulluɓo a Mokwa cikin ruwan Agusta.
Sau uku Baba ya biya kafin ya cike kuɗin,
ragon layyarmu ya tafi a ciki.

Na ce, "Baba, wa ke talla da tuntuɓensa?"
Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinya.
"Kowa ya iya cewa bai taɓa faɗuwa ba.
Mai kaya so yake ya san
me za ka yi masa ran da ka faɗi."

Na rubuta. Layi huɗu, babu ado.
Har da cewa malamar ba ta canza mu ba har yau.
Caji ya kai kashi biyu, na danna ajiye,
allon ya mutu a hannuna.

Ran Laraba ana yayyafi,
wayar Baba ta yi ƙara a aljihu.
Muryar mace, daga Surulere:
"Ku ne masu firij?"
Baba ya dube ni ta saman tabarau.
"Mu ne."
Ta yi shiru kaɗan.
"Keken ɗinkin mahaifiyata ne, ta rasu bara.
Funtuwa za shi, wurin ƙanwata."

Baba ya ce, "Hansatu, miƙo littafi.
Ce wa Iya Bisi ta nemo bargo biyu."