Ƙasa Ba Ta Nitsewa

Landan, cikin sanyin 1696

Ni ne mai riƙe da littafin.
Teburina na lungun wani gidan gahawa, bayan kasuwar hatsi,
inda hayaƙin kwal ke sa a kunna kyandir da rana tsaka.
Aikina in feƙe gashin dinya, in tsoma a tawada,
in rubuta sunan mutum da abin da ya yi alkawari.

Maigidana, Barnabas Thurlow, yakan hau benci ya ce:
"Jirgi yana kifewa. Rumbu yana ƙonewa.
Ku duba gefen sulen da ke aljihunku,
an gaigaye shi kamar ɓera ya sami cuku.
To, wa ya taɓa rage wa gona gefe da almakashi?
Ku zuba jari mu kafa banki a kanta.
Duk takardar da za mu buga, akwai eka a ƙarƙashinta.
Ƙasa ba ta nitsewa."

Sai a ɗau tafi.
Tafi kuwa ba ya shiga littafi.

Masu gonaki suka yi ta zuwa, takalma duk taɓo,
kowa da takardar gado a hammata,
bashi ya yi musu katutu, suna neman rance mai sauƙin ruwa.
Maƙeran zinariya, masu tsabar,
suna can gindin murhu suna hura gahawa,
suna dubanmu ta wutsiyar ido.
Na ji ɗayansu ya ce, "Cinikin biri a sama."
Shafin masu karɓa ya cika ya tumbatsa.
Shafin masu bayarwa layi bakwai,
na bakwan ma surukin maigida ne.

Ran Laraba aka miƙo min jingina mafi girma:
eka ɗari tara, gabas da Ely, da hatimin jan kaki.
Na karanta iyakokinta, na sake karantawa.
Daga gadar katako zuwa cocin da hasumiyarsa ta karkace.
A nan aka binne cibiyata.
Daga Nuwamba zuwa Afrilu
da kwale-kwale babana ke bi ta kan gonar nan,
yana ɗana wa agwagin daji tarko.
Na taɓa leƙawa na ga shinge a ƙarƙashinmu,
kifi na ratsa shi.

Na rubuta: eka ɗari tara.
Na barbaɗa yashi ya sha tawadar.
Ina da haya a wuya, ina da 'ya mai tari.

Washegari ta shigo, Dorcas Pellow, mai wankau a bakin kogi,
wadda mijinta ya tafi da jirgi bai dawo ba.
Ruwan toka ya tsattsaga mata hannu.
Ta kwance ƙullin wata safa a gabana:
fam goma sha ɗaya da sule huɗu, wankin shekara tara.
"Teku ta ci min ɗaya," in ji ta.
"An ce wannan ba ya nitsewa."

Na dubi maigida a kan bencinsa, yana ta zuba.
Shi ma ya gaskata abin da yake faɗi, abin tausayin ke nan;
bai taɓa taka ƙasar da ba a shimfiɗe da dutse ba.

Gwiwar hannuna ta bugi kwalbar tawada.
Har yau ban san ko ni na aike ta ba.
Baƙi ya malale shafin masu bayarwa,
ya haɗiye layi na takwas tun ba a haife shi ba.
"Littafi ya jiƙe, baiwar Allah. Ki dawo bayan Ista."
Ta ƙulle safarta, ta zage ni har kakana.

Kafin Ista an rufe littafin.
Ko ɗaya cikin goma na abin da aka nema bai taru ba.
Thurlow ya sayar da agogonsa ya sallami mai maɗaba'a.
Takardun kuɗin da muka buga, dami uku,
wata mai suyar kifi ta saye su a awo.

Jiya na sayi kifin kwabo biyu.
A cikin fam goma ta naɗe min shi,
ga sa hannuna a ƙasa,
maiƙo ya ratsa ta tsakiyar sunana.