Hannun Linnea

Motar share ƙanƙara ba ta iso hanyarmu ba tukuna.
Na baza littattafai uku a kan teburin cin abinci,
wanda shi ne ajinmu tun da aka gama girbin alkama.
A waje Saskatchewan ta yi fari fat,
ba ka gane inda gona ta ƙare, inda sama ta fara.

Na farko, haruffansa a tsaye cak,
kowanne shi kaɗai, kamar turakun shinge.
Na biyu ya ɗan karkata, kamar mai kasa kunne.
Na uku kuwa sarƙa ne:
harafi ya kama wutsiyar ɗan'uwansa,
fensir ba ya ɗaga kai sai kalma ta cika.

Garnet ya shigo yana kakkaɓe takalma.
Ya leƙa ta kan kafaɗata, ya ce,
"Ba ta mai tsayuwar nan.
Takardar banki ba ta son ado.
Nan da shekara goma ma, wa zai riƙe fensir?"
Ya kurɓi kofi a tsaye, ya koma wurin shanu.

Kwana uku ina juya maganar.
A makaranta da wata malama ta yanke, in yi ta gunaguni.
A nan babu wanda zan ɗora wa laifi.

Ga shi Linnea bahaguwa ce.
Shekararta shida, hannunta na bin bayan abin da ta rubuta
yana shafewa,
gefen tafinta kullum baƙi ƙirin.

Ranar Alhamis, muna neman yadda ake burodin kirfa,
ta jawo gwangwanin Solveig daga saman kanta.
Katunan sun yi ɗorawa, mai ya ɗiɗɗiga a kansu.
Ta riƙe ɗaya a daidai, ta juya shi a kife,
ta ce, "Mama, wannan ai ba rubutu ba ne,
zaren saƙa ne ya warware."

Hunturu biyu ke nan da muka binne Solveig.

Na karanta mata: gari kofi huɗu, madara mai ɗumi.
A can gefe, da ƙananan lanƙwasa,
"A ƙara man shanu idan Garnet na fushi."
Ashe yana bakin ƙofa.
Ya karɓi katin da safar hannunsa,
ya daɗe yana duban hannun uwarsa,
bai ce uffan ba.

Linnea ta hau kujera, ta huro wa taga numfashi,
ta sa yatsa ta ja harafin farko na sunanta,
da madauki sama, da madauki ƙasa,
ya kwanta baya kamar mai jan igiya.
Babu irinsa a littafi ko ɗaya cikin ukun.
Kafin in ɗauko waya, ya fara zubar da hawaye.

Yanzu da safe muna yin masu tsayuwa,
don banki ya samu nasa.
Alhamis kuwa ta Solveig ce.
Nakan karkata mata takarda zuwa dama,
ta kwafi kati ɗaya, harshe a waje,
tana tambaya ina zaren ya shiga, ina ya fito.

Littafi na biyu yana ƙarƙashin ƙafar teburin.
Ya daina girgiɗi.