Warƙa Goma Sha Ɗaya

Jikana, sauko mini da gafakar can.
Buɗe a hankali, takardar ta girmi ubanka.
Wuce babin tsarki. Ƙara gaba. Tsaya nan.
Ka ga inda hannu ya sauya?
Nawa siriri ne, sawun tururuwa a rairayi,
wannan kuwa kowane alif a tsaye yake kamar mashi.
Warƙa goma sha ɗaya, ba ni na rubuta su ba.

Mu ashirin da huɗu ne a zauren Malam Shatima,
cikin Birni, gindin duwatsun nan masu zaman giwa.
Gemu bai gama tsira ba, amma bakin kowa cike da nahawu,
wani daga Mirya, wani daga Gure, biyu ƴan Tasawa.
Asabar zuwa Laraba muna biya fiƙihu,
muna dafa tawada da ƙaro, muna rigima kan fitila guda.
Ran Alhamis littafi ya huta, ƙafa ta karɓi aiki.

Sai ɗaliban Zango suka aiko da goro uku:
"In kun isa, langa, bayan ganuwa, da la'asar.
Wanda aka ci shi zai ɗebo ruwan alwala wata ɗaya."
Kalla ɗan majema ya tauna goron nan take,
shi da warin fata ke riga shi shiga sahu.
Kyari ya ce ni ne ruwa,
wai ba ni da nauyin da ƙasa za ta kama.

Dama ta riƙe yatsan hagu ta baya,
duniya duk ta koma kan ƙafa ɗaya.
Dawakina suna faɗuwa gefe da gefe,
Kalla ya zubar da uku kafin a zubar da shi,
mata masu tallar fura suka manta da ƙwarya.
Ga gawon da zan taɓa, saura tsalle huɗu,
saura uku,
sai Agali.

Buzu ne, dogo, mai karatu can ƙasan maƙoshi.
Kafaɗa ɗaya ya ba ni.
Na tafi ƙasa, amma taurin kai ya hana ni sakin ƙafa,
na ji wuyan hannu ya ce ƙas, kamar karan dawa.

Wa zai ɓullo daga bayan dutse? Malam.
Wai akuyarsa ya fito nema.
Malam bai taɓa kiwon akuya ba.

Ran Asabar ya gyara zama, ya ce,
"Agali ya bugi Ma'azu. Ina fa'ili?"
Zaure ya amsa. "To, ina maf'uli?"
Ido arba'in da shida suka sauka kan ɗaurin maɗori.

Abin da ya hana ni barci ba ciwon ba ne.
Littafin aro ne, na wani falken Gadamus,
ayarinsa zai tashi nan da kwana tara,
ga ni da takarda mai wata uku, babu hannun kwafa.

Bayan isha na ji takalmi a ƙofa.
Bai ce sannu ba, bai ce yi haƙuri ba,
ya fere alƙalaminsa, ya ce, "Karanta."
Dare bakwai ina faɗa yana zubawa,
da safe ni da tulu a ka ina kai masa ruwa,
domin alkawarin langa ba ya jin ciwo.

Duba gefen warƙar ƙarshe, ƙasa, da ƙananan baƙi.
Karanta da ƙarfi.
"Ruwa bai sha ba."
Ɗan banza! A littafin fiƙihu!

Shekarar da bindigar Nasara ta yi magana a Tirmini
zaure ya watse, kowa ya bi hanyar garinsu.
Shi ya yi arewa da raƙuman gishiri.
Na tambayi ayari har na daina.

Yanzu in hadari ya haɗo daga gabas
wannan wuyan hannu ne ke fara sanar da ni.
A'a, kar ka rufe tukuna.
Matso da ita wajen haske.