Tabo

Bappayo ya ɗaga shi sama,
ƙarfe a nannaɗe kamar dodon-koɗi,
ya ce, "Hayaƙin da take zubarwa ta salansa,
shi za mu mayar mata abinci."

Na ce, "Motar da ta fito kamfani lafiya lau?"
Ya ce, "Lafiyar ce ta ishe ka, shi ya sa ka zo."

Kwana tara tana garejinsa a Jekadafari,
baki a wangale.
Ya ce a sauya fistin tukuna.
Na ce aljihu ya rame.
Bai ƙara magana ba, ya ɗaure noti.

Lahadi da sassafe, hanyar Kumo,
na taka totur,
ta yi wani siririn fito,
kujera ta rungume ni ta baya,
turakun lantarki suka zama haƙoran mataji.
Wallahi na yi dariya ni kaɗai.

Sai allurar zafi ta haye ja.
Sai farin hayaƙi.

Yanzu tana gindin darbejiya,
kaji na ƙailula a inuwarta.
In an tambayi me na sa mata,
nakan ce tabo.
Ta kowace fuska ban yi ƙarya ba.