Dalma a Bayan Dutsen Awo

A Gadarif, idan an gama yankan riɗi,
ni ne mai awo a rumfa ta uku.
Shekara tara ina rataya buhuna a ƙugiya,
ina faɗin nauyi da murya tas.
Ba wanda ya san da guntuwar dalma,
daidai ƙwallon dabino,
da na liƙe a bayan dutsen awo.

Nakan ce wa raina, mudu ɗaya a buhu,
ai ko kurciya tana cin fiye da haka.
Zunubi bai zo mini da ƙaho ba.
Ya zo kamar man riɗi a aljihu:
ɗigo guda da yamma,
gari ya waye riga ta sha.

Kuku Tiya, mutumin duwatsun Nuba,
ni yake kawo wa amfaninsa kowace kaka,
ran Lahadi kuma bencinmu ɗaya
a ɗakin sujada mai rufin kwano
inda ake addu'a da harshe huɗu.
Shi ya miƙo mini ƙoƙon jibin Ubangiji
da hannun da lauje ya farfasa.
"Sha, Habila," abin da ya ce ke nan.
Na sha. Ya tsaya mini a wuya.

Daren nan na kwana ina lissafi.
Na ɗauka Allah ma mai awo ne irina,
sai dai dutsensa ba algus,
yana jira in hau ƙugiya ya faɗi nawa.
Wani lokacin kuma in ce a'a,
tsoho ne mai kawar da kai,
mudu ɗaya bai kai ya ɗaga ido ba.
Duka biyun ba su ba ni barci ba.

Sai wajen asuba na tuna Inna Saraya,
can ƙauyenmu bayan Zariya,
shekarar da kurkunu ya fito mini a ƙauri.
Kullum takan zauna da tsinke,
ta naɗe shi kaɗan, kaɗan,
ina ihu, ina harbin ta da ɗaya ƙafar.
Ban taɓa ganin ƙiyayya
kamar wadda take yi wa farin zaren nan ba.
Ƙafar kuwa tana kan cinyarta,
tana shafa mata man kaɗanya.
Ba ta ce babu komai ba.
Ba ta ce a yanke ba.
Ruwan gyambon a zanenta ya ƙare.

Ashe haka ne.
Mai Tsarki ba ya shiri da tsutsar,
ba ya kuma sakin ƙafar.
Abin da ya tsiyaye daga gare ni
jikin Almasihu ya zuba, a kan itace,
tun ban san ina ciwo ba.

Na ɓamɓare dalmar da wuƙa.
Na kai wa Kuku har gona,
na sa masa a tafin hannu, na faɗi shekarun.
Ya juya ta, ya sake juyawa.
Bai rungume ni ba.
Ya ce, "Shekarar da 'yata ta bar makaranta
tana cikin taran nan?"
Na ce tana ciki.

Na sayar da amalanke da jakin.
Gafara kyauta ce, amma riɗin na mutane ne.
Akwai waɗanda na biya,
akwai waɗanda suka koma kudu ban san garinsu ba,
akwai biyu da ƙasa ta rufe.

Lahadi uku Kuku yana zama a bencin baya.
Ta huɗu ya dawo, bai dube ni ba,
ya dai matsa, ya bar mini wuri.

Dutsen awon yana nan da tabon dalma.
Ban goge ba.
Kowace safiya nakan sa yatsa a gurbin
kafin in ɗaga buhun farko.